WASIƘAR DA ZUCIYA KE AIKOWA CIKIN JINI

Darasi domin hakimai da malamansu a ƙasar Daura

Kowane hakimi ya san idan fari ko yunwa ta auka wa wani gari, dagaci ya kan aiko da takarda tun abin bai gagara ba. To, zuciyar ɗan Adam ma haka ta ke yi. Idan aiki ya yi mata yawa har namanta ya miƙe, sai ta zuba wani sinadari cikin jini, wanda ke umurtar ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa, ya kuma sa jijiyoyin jini su saki, don nauyin ya ragu. Yanzu likitoci sun iya karanta wannan wasiƙa daga ɗan jinin da a ke ɗiba a hannu.

1. Asalin sanin

A shekarar 1981 wani masani mai suna Adolfo de Bold ya gano irin wannan sinadari a Kanada. A 1988 masanan Japan suka gano ɗan'uwansa, wanda a ke kira BNP, shi ne kuwa aka fi aunawa yau, tare da wani ɓangare nasa mai suna NT-proBNP. Idan mutum ya zo asibiti ba cikin gaggawa ba, aka tarar NT-proBNP nasa bai kai 125 ba a ma'aunin likitoci, da wuya ya zama zuciya ce ta gaza. In ya hau ƙwarai, lalle zuciya na cikin wahala.

2. Darasi daga Amurka ta Kudu

A can akwai wata cuta wadda likita Carlos Chagas na Barazil ya bayyana a 1909. Wani ƙwaro mai shan jini da dare, mai ɓuya cikin tsagar bangon ƙasa, shi ke yaɗa ta. Mutum ya kan yi shekara ashirin da ita bai sani ba, sa'an nan zuciyarsa ta kumbura ta raunana. Likitocin can sun lura cewa masu yawan BNP su ne suka fi kusa da hatsari, saboda haka su a ke fara kula da su. Wannan cuta ba ta ƙasarmu ba ce, amma darasinta namu ne.

3. Abin da ya shafe mu

Tamu ita ce tsargiya. Tsutsarta na girma cikin dodon koɗi a ruwan da ke kwance, ta huda fatar mai wanka ko mai noman rani. Saboda haka duk garin da ke bakin tafki ko kududdufi, ko madatsar ruwa irin ta Sabke da Daberam, ya wajaba a sa masa ido. Kowa ya san tsargiyar fitsarin jini. Amma akwai ta hanji, ita ce kuwa ta fi kai wa zuciya. Ƙwayayenta kan taru a hanta, waɗansu su wuce zuwa jijiyoyin huhu su ƙuntata su. Sai sashen dama na zuciya ya dinga tura jini da ƙyar, kamar mai tura amalanke a kan rairayi, har ya gaji. A lokacin nan BNP ke hawa.

4. Iyakar awon

Awon nan ya kan faɗi cewa zuciya ta wahala, amma ba ya faɗin dalili. Tsufa da ciwon ƙoda su ma su kan ɗaga shi, ƙiba kuwa ta kan rage shi. Don haka likita zai haɗa da gwajin fitsari da bayan gida da hoton zuciya. Ba a kowane ɗakin shan magani a ke yinsa ba, sai babban asibiti.

5. Aikin hakimi da malaminsa

(a) A umurci dagatai da masu unguwa su kawo labarin duk wanda ke haki a kan ɗan aiki kaɗan, ko ƙafafunsa da cikinsa suka kumbura, ko ya kan suma in ya ɗauki kaya.

(b) Malami ya rubuta sunansa, da garinsa, da ruwan da ya ke shiga, da tsawon ciwon, ya ba shi takardar ya kai wa likita.

(c) Kada a bari a tsaya ga tsaga ko jiƙo har lokaci ya ƙure.

(d) In ma'aikatan lafiya sun zo rabon maganin tsargiya, watau Praziquantel, a tara yara, masu zuwa makaranta da almajirai duka. Maganin na kashe tsutsar, amma ba ya gyara jijiyar huhun da ta riga ta lalace.

Hakimai na Daura, Mai'aduwa, Zango, Baure da Sandamu, ku tuna icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Zuciya ta aiko da wasiƙarta. Saura a kai mai ita wurin wanda ya iya karantawa. Allah ya ba mu lafiya, amin.