Kaboyi a ƙasar Nijar

Bayan an cire amfanin gona, yaran Madarunfa sukan yi dokin kara. Su yi bindiga ta laka, su ɗaura ƙyalle a wuya, su yi ta sukuwa a bakin tabki suna harbin juna da baki. Wannan wasa sunansa kaboyi. Daga silima aka koyo shi.

Kaboyi makiyayan shanu ne na yammacin Amurka. Suna kiwo bisa dawaki, suna sa malafa mai faɗi da dogon takalmi. Turawa sun yi silima da yawa a kansu. Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, ana nuna irin waɗannan silima a gidajen kallo na manyan garuruwa. Samari suna son su ƙwarai. Wasu har sukan ɗauki sunayen kaboyi, su riƙa tafiya irin tasu.

Wani saurayi mai suna Mustafa Alasan ya lura da wannan. An haife shi a 1942. Da farko makaniki ne, kuma gwanin zane. A Yamai ya haɗu da wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, Jean Rouch, ya koyi aiki wurinsa. Daga baya ya je Kanada ya ƙaro ilimi. A 1966 ya yi silimar kaboyi tasa, ya sa mata suna da Faransanci, *Le Retour d'un aventurier*, wato dawowar ɗan yawon duniya. Ana cewa ita ce silimar kaboyi ta farko da ɗan Afirka ya yi.

Ga labarin. Wani saurayi, Jimi, ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba wa abokansa. Kowa ya sa malafa, ya ɗaura bindiga, ya sake suna: wannan Black Cooper, wancan Casse-Tout. Yarinyar da ke cikinsu ta zama Reine Christine, wato Sarauniya Christine. Suka hau dawaki suka shiga daji, har suna korar raƙuman dawa. Tun abin yana wasa, har ya zama ɓarna. Suka dami mutanen gari da sata da faɗa, suka raina dattawa. A ƙarshe rikici ya ɓarke tsakaninsu, aka zubar da jini.

A lokacin da ake wannan aiki, wani Bafaranshe, Serge Moati, ya ziyarci wurin da kamararsa. Ya ɗauki yadda ake aikin, ya yi tasa silimar mai suna *Les cow-boys sont noirs*, wato kaboyi baƙaƙe ne. Ta haka ne har yau ake iya ganin Mustafa da mutanensa suna aiki.

Mustafa ba shi da kuɗi masu yawa. A Amurka akan gina gari guda na katako don silima ɗaya. Shi kuwa ya yi amfani da abin da ke akwai: ƙauye, da fili, da dawakin ƙasa, da hasken rana. Kamararsa ƙarama ce, mai cin zare na milimita 16. Ƴan wasansa samarin Yamai ne masu aikinsu na yau da kullum. Cikinsu akwai Jingare Maiga, wanda daga baya shi ma ya zama mai yin silima. Akwai kuma Zalika Sule, wadda ta fito a Sarauniya Christine. A zamanin nan abu ne mai wuya ƴa mace ta fito a silima, balle ta sa wando ta hau doki. Ta sha zagi, amma ba ta bari ba. Ta rasu a 2021.

Aikin silima yana son haƙuri. Ba a ɗaukar labari daga farko zuwa ƙarshe a rana guda. Gunduwa-gunduwa ake ɗaukarsa. Mai gudanar da aiki ya nuna wa kowa inda zai tsaya da abin da zai faɗa. A gwada sau biyu ko sau uku, sannan a kunna kamara. Idan doki ya ƙi tsayawa, ko wani ya yi dariya, sai a sake. Zaren ɗauka yana da tsada, saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ba ya son sakewa da yawa. A wancan zamani, bayan an gama, sai a wanke zaren, a yanka, a liƙa gunduwoyin bi da bi, a sa murya da kiɗa.

Kamara tana ɗaukar hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya. Idan aka nuna su da sauri, sai ido ya ga kamar doki yana gudu. Naushin da ake gani bai taɓa fuskar kowa ba. Wanda aka harba ya faɗi, da an kashe kamara zai tashi ya kakkaɓe rigarsa. Su Jimi ba su gane wannan ba. Sun ɗauki abin kallo suka mai da shi gaske, kuma a gaske wanda aka harba ba ya tashi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Mustafa ya ci gaba da aiki. Ya yi *F.V.V.A.* a 1972. Ya zauna a Tawa shekaru da yawa, yana yin silima da zane da ƴan tsana. Ya rasu a Wagadugu a 2015.

Kalmomi
silima: le cinéma
ɗan wasa: l'acteur
raƙumin dawa: la girafe
zaren ɗauka: la pellicule

Tambayoyi
1. Wane aiki kaboyi suke yi a ƙasarsu?
2. Mene ne Jimi ya kawo daga Amurka?
3. Da me Mustafa ya yi aiki, tun da ba shi da kuɗi masu yawa?
4. Hoto nawa kamara take ɗauka cikin daƙiƙa 5?
5. Don me wasan su Jimi ya ƙare da kuka?

Aiki
Ku kasu kashi uku. Kowane kashi ya zaɓi labari ɗaya na Madarunfa, ya raba shi gunduwa huɗu, ya zana kowace gunduwa a takarda.