Yadda Ake Haɗa Hannu a Rubuta Muƙalar Majami'un Sikotland a Wikipedia

Sikotland ba babbar ƙasa ba ce, mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, amma a garuruwanta da dama za ka tarar da majami'u biyu ko uku a titi ɗaya suna kallon juna. Rabuwar kai da sake haɗewa na ɗaruruwan shekaru ne suka bar wannan gado. Shi ya sa rubutu a kansu yake da daɗi, yake kuma da santsi. Masu yinsa a Wikipedia 'yan sa-kai ne, ba albashi ba lada sai na ilimi, kuma akasarinsu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Ga yadda za ka shiga cikinsu, ko a Wikipedia ta Turanci ko ta Hausa.

Mataki na 1: Buɗe asusu, ka leƙa kafin ka taɓa

Ka yi rajista da sunan da za a riƙa saninka da shi. Sannan ka nemi majami'ar da kake so, ka karanta muƙalarta idan akwai, ka buɗe tarihin shafin ka ga waɗanda suka fi yi masa hidima, ka karanta shafin tattaunawa. Sau da yawa abin da kake ɗokin gyarawa an riga an yi dogon musu a kansa an cim ma matsaya. A ɓangaren Turanci akwai dandalin masu kula da muƙalolin ƙasar, WikiProject Scotland. Nan ake cigiyar abokan aiki.

Mataki na 2: Ku tsayar da abin da muƙalar ke magana a kai

Nan ne ƙashin bayan aikin, kuma nan sababbin hannu suka fi zamewa. Abu uku ne mabambanta: ginin, jama'ar da ke ibada a cikinsa, da ɗariƙar da jama'ar ke bi. Gini yana iya zama daram shekara ɗari biyu alhali ɗariƙa ta sauya a cikinsa sau uku.

Dole kowa a cikinku ya riƙe wasu shekaru a ka. A 1560 majalisar ƙasar ta yanke hulɗa da ikon Paparoma. A 1690 aka tabbatar da tsarin Firasbiteriya, wato shugabancin dattawa ba na bishop ba, a matsayin tsarin Cocin Sikotland. Masu riƙe da bishop suka kama gabansu, su ne tushen cocin Episcopal na ƙasar. A 1843 aka yi babbar ɓaraka: limamai sama da 450 suka fice ƙarƙashin jagorancin Thomas Chalmers, saboda ba su yarda masu ƙasa su riƙa ɗora wa jama'a limamin da ba sa so ba. Suka kafa Free Church, suka bar gine-gine da albashi, suka shiga gina nasu, galibi kusa da wanda suka baro. A 1900 mafi yawan Free Church suka haɗe da ɗariƙar United Presbyterian, sai a 1929 mafi yawan wannan gamayya ta koma cikin Cocin Sikotland. A kowace haɗewa akwai waɗanda suka ce ba da su ba, kuma har yau suna nan da sunayensu.

Dubi majami'ar titin St Vincent a Gilasgo, wadda Alexander Thomson ya zana aka buɗe a 1859. Don jama'ar United Presbyterian aka gina ta, daga baya ta koma hannun hukumar birnin, 'yan Free Church kuma suka yi shekaru suna ibada a ciki. Wanda ya rubuta mata ɗariƙa ɗaya tilo ya yi wa tarihi kwange. Irin wannan kuskure ya shafi tarihin Najeriya ma: Mary Slessor, wadda ta tashi a cocin Wishart na Dundee ta tafi Kalaba a 1876, United Presbyterian ne suka aike ta, ba Cocin Sikotland ba, domin a lokacin ba su haɗe ba.

Sai kuma sunaye masu kama. A Edinbura kaɗai akwai manyan majami'u biyu masu sunan St Mary: ta Katolika da aka buɗe a 1814, da ta Episcopal da George Gilbert Scott ya zana aka keɓe a 1879. Ku sa ɗariƙa ko unguwa a taken muƙala don kada mai karatu ya ɓata.

Mataki na 3: Ku tara madogara, ku san halin kowace

A Wikipedia sanin abu bai wadatar ba, sai an nuna inda aka wallafa shi. Sikotland kuwa ta yi sa'ar rubuce-rubuce.

Historic Environment Scotland, hukumar da aka kafa a 2015, ita ke riƙe da rajistar gine-ginen tarihi, tana kasa su rukunin A, B da C. Kowane gini yana da lamba da bayanin fasalinsa, kuma kyauta ne a intanet. Daga nan ake farawa. Don sanin magini akwai Dictionary of Scottish Architects, don bayanin fasali kuma akwai jerin littattafan Buildings of Scotland da aka fara fitarwa a 1978. Sunayen limaman Cocin Sikotland tun daga 1560 suna cikin Fasti Ecclesiae Scoticanae, aikin da Hew Scott ya faro.

Akwai kuma Statistical Account, wanda Sir John Sinclair ya tattara daga 1791 zuwa 1799, da sabonsa na 1834 zuwa 1845. Taska ce ta gaske, ana samun har ƙorafin rufin da ke yoyo da yawan kujerun coci. Amma limaman cocin hukuma ne suka rubuta mafi yawansa, kowa a kan gundumarsa. Idan ɗayansu ya ce waɗanda suka ɓalle 'yan tsiraru ne marasa tasiri, ka tuna wa ke magana. Ka rubuta cewa shi ya faɗa, kada ka mayar da zancensa hukunci.

Shafin intanet na majami'ar kanta yana da amfani wajen sanin halin da take ciki yau. Idan ya ce ita ce mafi tsufa a yankin, a nemi wani mai shaida. Ba a tambayar mai tuwo ko miyarsa ta yi daɗi.

Mataki na 4: Ku raba aiki, ku yi daftari a shafin gwaji

Wani ya ɗauki tarihi, wani fasalin gini, wani limamai, wani hotuna. Ku rubuta rabon a shafin tattaunawa yadda baƙo ma zai gani. Kowa ya yi rubutu da kalmominsa. Kwafe bayanin hukuma kalma da kalma keta haƙƙin mallaka ne, kuma za a goge shi. Mai fassara daga Turanci zuwa Hausa ya ambaci muƙalar asali a taƙaitaccen bayanin gyaransa, ya kuma ɗauko madogaran tare da rubutun.

Ku yi hattara da shekarar kafawa. Ana danganta kafa St Giles na Edinbura da 1124, zamanin Sarki David na I, amma mafi yawan ginin da ke tsaye na ƙarni na 14 zuwa farkon na 16 ne, fuskarsa ta waje kuma William Burn ya sabunta ta wajen 1830. Idan akwatin bayani ya ce "an gina a 1124" kawai, mai karatu zai zaci duwatsun da ke hoton sun kai shekara 900. A raba kafawa da ginawa da gyarawa, kowanne da shekararsa.

Haka nan a raba tarihi da hikaya. Tarzomar da ta ɓarke a St Giles ranar 23 ga Yulin 1637, lokacin da aka fara karanta sabon littafin addu'a da Sarki Charles na I ya tilasta, tabbatacciya ce. Cewa wata 'yar kasuwa mai suna Jenny Geddes ce ta fara jifa da kujera, wannan labarin baka ne da ya shahara daga baya. Ba a cire shi, domin ya zama wani yanki na sunan wurin, amma da "ana cewa" ake kawo shi.

Mataki na 5: Ka ajiye aƙidarka a bakin ƙofa

Musulmi ne kai ko Kirista, muƙalar ba ta buƙatar sani. Ba a rubuta cewa wani ɓangare ne ke kan gaskiya a rikicin 1843. A faɗi hujjar waɗanda suka fita da ta waɗanda suka zauna. Idan kai ma'aikacin majami'ar ne, ka bayyana hakan, ka riƙa ba da shawara a shafin tattaunawa maimakon gyara kai tsaye. A kuma bayyana matsayin gini yadda yake: St Giles ya zama mazaunin bishop a 1633, amma yau Cocin Sikotland ba shi da bishop ko ɗaya.

Mataki na 6: Hotuna da taswira

Hoton da ka gani a Facebook ba naka ba ne. Ka duba Wikimedia Commons, inda ɗimbin hotuna daga shirin Geograph suke da lasisin da ya halatta amfani da su. Gasar Wiki Loves Monuments ma ta ƙara wasu. A sa lambobin taswira daidai kan ginin, a haɗa muƙalar da shafinta na Wikidata don ta Hausa da ta Turanci su san juna.

Mataki na 7: Idan saɓani ya taso

Zai taso. A ce wata edita ta rubuta cewa St Magnus na Kirkwall, a tsibiran Orkney, mallakin Cocin Sikotland ne, ka gyara, ta mayar da nata. Kada ka sake mayarwa. A Wikipedia ta Turanci, wanda ya janye gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 yana iya fuskantar toshewa, ko da shi ke da gaskiya. Ka je shafin tattaunawa ka rubuta kamar haka:

"Sannu da aiki, Malama. Na ga kin mayar da jimlar mallakar St Magnus. Jama'ar da ke ibada a ciki ta Cocin Sikotland ce, kamar yadda kika ce. Amma ginin kansa Sarki James na III ya ba mutanen Kirkwall a 1486, yanzu kuma majalisar tsibiran Orkney ke riƙe da shi. Ga madogarar. Ko za mu raba jimlar gida biyu?"

Ka sa hannu da alamar ~ sau huɗu, ka ba ta 'yan kwanaki, wataƙila tana da jarrabawa ko ba ta da data. Idan kun kasa daidaitawa, ku gayyaci na uku daga dandalin aikin.

Mataki na 8: Ku ci gaba da sa ido

Ku sa shafin cikin jerin waɗanda kuke bibiya. Cocin Sikotland yana haɗe jama'o'i yana sayar da gine-gine saboda raguwar masu zuwa ibada, don haka abin da yake daidai bana yana iya tsufa baɗi. Queen's Cross a Gilasgo, majami'a ɗaya tilo da aka gina bisa zanen Charles Rennie Mackintosh, yanzu hedikwatar ƙungiyar masu adana ayyukansa ce. Tsohuwar majami'ar Tolbooth ta Edinbura kuwa ta zama The Hub, cibiyar bikin fasaha na birnin, tun 1999. Idan labarin rufe wata majami'a ya fito, a jira jarida ko sanarwar hukumar coci, sannan a gyara jimlar farko da akwatin bayani, a rubuta shekarar ibadar ƙarshe da kuma inda jama'ar suka koma.