Lilo Da Kayan Wasan Yara Na Katako: Abin Lura Kafin A Kafa Su A Tsakar Gida

Ya ku iyaye, masu gida da uwayen gida, da ku 'yan kasuwa masu zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni: A 'yan shekarun nan gidaje da makarantun Islamiyya da yawa sun soma kafa lilo da tsani da allon zamiya domin yara su yi wasa a cikin gida, nesa da titi da babura. Wannan abu ne mai kyau, domin wasa yana ƙarfafa gaɓoɓin yaro. Sai dai a ɗakin shan magani muna karɓar yaran da suka karye a hannu, ko kansu ya fashe, ko ƙusa ta soke su, kuma galibi idan aka bincika sai a tarar da an iya kauce wa abin tun ranar da aka je wurin kafinta.

Katakon da za ka saya

Babban abokin gābar katako a ƙasarmu shi ne gara. Tana cin itace daga ciki ta bar bayansa sumul, har ranar da yara uku za su hau lilo ginshiƙi ya ɓalle. Saboda haka kada arahar farin katako mai taushi, irin wanda ake yin silin da akwatuna da shi, ta ruɗe ka. Damina ɗaya ko biyu ta ishe shi.

Nemi itace mai nauyi da tauri. Maɗaci yana daɗewa, haka kawo, haka iroko da ake kawowa daga kudancin Najeriya zuwa kasuwannin katako irin ta Na'ibawa a Kano. Ƙirya kuwa, wadda iyayenmu ke sassaƙa turmi da taɓarya da ita, gara ba ta cika samun galaba a kanta ba. Azarar giginya ma tana jure gara, amma tana da tsinke-tsinke masu shiga fata, don haka ba ta dace da inda hannun yaro zai kama ba. A kowane irin itace, jan da ke tsakiya ya fi farin da ke kusa da ɓawo ƙarko. Ka ce wa mai sayarwa ya ba ka busasshe, domin ɗanyen katako yana tsagewa, yana kuma lanƙwashewa idan iskar hunturu ta buge shi. Ƙwanƙwasa shi da guduma. Idan ya yi ƙara kamar ganga, ko ka ga ƙananan huji da garin itace na zuba, bar shi. Kuma ka saya daga halattaccen mai sayarwa, domin akwai itatuwan da dokokin gandun daji na ƙasashen biyu suka hana a sare ba da izini ba.

Abin da aka shafa masa

A nan ne nake so ku fi tsayawa, domin wannan haɗari ne da ido ba ya gani. Wasu kafintoci kan shafa wa katako baƙin man inji da aka juye daga mota domin korar gara. Wannan mai yana ɗauke da ƙarafa masu guba, yaro kuwa yana kama katako ya kai hannu baki sau da yawa a yini. Kada ka yarda da shi a kan abin wasa. Haka kuma akwai katako mai ɗan kore-kore da aka jiƙa da maganin da ke ɗauke da gubar arsenik. A Amurka an daina amfani da irinsa wajen kayan wasan yara na gida tun ƙarshen 2003. Idan ka same shi cikin tsofaffin kaya, kada ka yi lilo da shi, kada kuma uwargida ta hura wuta da guntayensa, domin hayaƙin da tokar duk guba ne.

Sai fenti. Wasu fentin mai, musamman ja da ruwan ɗorawa masu ƙyalli, suna ɗauke da dalma. Mutanen wannan yanki sun san abin da dalma ke iya yi: a 2010 gubarta ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Ta fenti ba ta kisa da sauri haka, amma tana taruwa a jiki a hankali, ta daƙile ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa jini, ya zo makaranta ya kasa riƙe karatu ba wanda ya san dalili. Babu wani ɗan mizani na dalma da likitoci suka ce ba ya cutar da yaro. Karanta jikin gwangwani, ka zaɓi wanda aka rubuta babu dalma a cikinsa. Idan babu tabbas, a goge katakon da sanfefa ya yi santsi a bar shi da launinsa. A ra'ayina, lilo marar ado da ka san abin da ke jikinsa ya fi mai launi bakwai da ba ka san asalin fentinsa ba.

Awon da za ka ba kafinta

Kafinta gwani ne a kan ƙofa da gado, amma ba lalle ba ne ya san girman kan yaro. Kai ne za ka gaya masa. Duk wani giɓi tsakanin sanduna ko matakalan tsani, ko dai ya gaza santimita 9, wato kamar faɗin tafin hannun babba, ko ya wuce santimita 23, wato kamar ɗani guda. Tsakanin waɗannan biyu jikin ƙaramin yaro yana iya zurarewa kansa ya maƙale, ya rataye. Idan akwai dandamalin da yara ke hawa su tsaya, kuma tsayinsa ya wuce santimita 75, a kewaye shi da shinge.

A haɗa manyan ginshiƙai da bol da noti, ba da ƙusa kaɗai ba, domin kai-komon lilo yana zare ƙusa sannu a hankali. A yanke bakin bol ɗin da ya leƙo, a goge kusurwoyi su daina kaifi. Ƙugiyar da ke riƙe sarƙa a matse bakinta ya rufe ruf. Mazaunin lilo ya kasance mai sauƙi, na roba ko tsohuwar taya, domin katako mai nauyi yana fasa goshin yaron da ya gitta. Idan taya ce, a huda ƙasanta don kada ruwan sama ya kwanta sauro ya yi ƙwai. Allon zamiya kuwa kada a lulluɓe shi da kwano. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Damagaram, kwano yana ƙona cinyar yaro cikin ɗan lokaci.

Ƙasan da yaro zai faɗa

Yaro zai faɗo, ko ba daɗe ko ba jima, kuma faɗuwa ce ke kawo mafi yawan raunukan wasa. Abin da ke bambanta kuka na minti biyar da karaya shi ne abin da ya tarar a ƙasa. Siminti da daɓe da busasshiyar laka duk ɗaya suke wajen tauri. A haƙa wurin, a zuba yashi mai laushi zurfin santimita 30, domin zai danne ya ragu. Yashi irin wannan yana kare faɗuwa daga tsayin da bai wuce mita 1.2 ba, saboda haka kada dandamali ya ɗara haka, sandar lilo ma kada a cika ɗaga ta. Yashin ya bazu mita 1.8 ta kowane gefe. Gaban lilo da bayansa kuwa a bar fili ninki biyu na tsayin sandar da aka rataye shi. Idan tsakar gidanka ba ta kai haka ba, rage girman abin wasan.

A binne ginshiƙai sosai a ɗaure su da siminti, amma simintin ya kasance a ƙarƙashin yashi. A nisanta wurin da rijiya da murhu da janareta da igiyar shanya, a kuma zaɓi inuwa inda uwa za ta iya hangowa daga madafa. Kyanwa da kaji suna bahaya a cikin yashi, wannan kuwa hanyar tsutsar ciki ce, don haka a rufe shi da tabarma ko buhu da dare. Da safe babba ya ɗaga murfin ya duba, saboda kunama.

Kafin yaro ya hau, a cire masa duk abin da ke wuya: laya mai igiya, gyale, ko dogon hijabi da zai iya sarƙewa. Kada a bar yara su ɗaura igiya a jikin lilo. Wanda bai kai shekara 6 ba kada a bar shi a hannun yayarsa 'yar shekara 8 a tafi kasuwa. Kowane wata a girgiza ginshiƙai, a ƙara ɗaure noti, a duba hanyar gara a gindi, musamman a farkon damina da ƙarshenta.

Idan an yi rauni

Yaron da ya bugu a ka ya suma, ko ya yi ta amai, ko barci ya rinjaye shi har ya yi wuyar tasowa, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, a kai shi asibiti nan take, ko da dare ne. Idan yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi a zaunar. A kwantar da shi a kan allo, kai da jiki a miƙe. Hannun da ya kumbura ko ya karkace a tallafe shi da zane, a je a ɗauki hoto kafin a yi maganar ɗori, domin ɗauri mai tsanani yana tsayar da jini har hannu ya mutu, kuma karayar gwiwar hannu ta fi kowace saurin jawo haka.

Sukar ƙusa ko tsinken katako a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki. Sannan a ɗauko katin rigakafi a je da shi ɗakin shan magani a ranar, domin ƙwayar cutar sarƙewar haƙora tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi. A Najeriya da Nijar duka ana yi wa jarirai allurar da ke kare su daga gare ta a mako 6 da 10 da 14. Idan yaronka ya tsallake ɗaya saboda tafiya, ma'aikacin lafiya na kowane ɓangaren iyaka zai duba katin ya cika masa abin da ya rage.