Darasi Na 14: Kula Da Tsohuwar Akori-Kura

Kowa ya san Kwanar Ɗangora. Tana kan hanyar Kano zuwa Zariya. A nan ne wata hanya ta rabu ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore da ƙasar Doguwa, ta miƙe har Jos. Kullum akori-kura suna bin hanyan nan. Suna ɗauke da masara da shinkafa da rake da 'yan kasuwa.

Da yawa cikin motocin nan tsofaffi ne. A shekarar 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, wato waɗanda mu ke kira Fijo. Daga can 404 da 504 suka bazu cikin ƙasa. Waɗansu sun girmi direbobinsu. Tsohuwar mota kamar tsohon doki ta ke. In ka kula da ita ta kai ka gida. In ka ƙyale ta, ta yashe ka a daji.

Wata rana na shiga wata akori-kura daga Kwana za ni duba azuzuwan Doguwa. Muna tsakiyar dajin Falgore sai hayaƙi ya tashi daga gaban mota. Ashe fambel ne ya tsinke, inji ya yi zafi. Direba ba shi da wani. Muka wuni a rana, da mata da yara. Kasuwar da a ke sauri dominta ta watse. Da ya duba da safe, da ya ga fambel ɗin ya tsattsage.

Saboda haka ga abu biyar da mai mota zai duba kowace safiya kafin ya ta da inji.

1. Ruwa. Buɗe murfin lagireto tun inji yana da sanyi. In ruwa ya ragu, cika shi da mai tsabta. Ruwan kududdufi ya kan toshe lagireto. Kada ka buɗe murfin sa'ad da inji ya ke da zafi, don ruwan zai yi tsalle ya ƙona maka fuska. An ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, amma ban da lagireto.

2. Baƙin mai. Tsai da mota a wuri mai daidai. Zaro sandar awon mai, ka goge ta da tsumma, ka mayar, ka sāke zarowa. Akwai zane biyu a jikinta. Mai ya tsaya tsakaninsu. In ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga cikinsa. Wannan aikin bakanike ne.

3. Fambel. Shi ne ke juya fanka da famfon ruwa. Danna tsakiyarsa da babban yatsa. Ya lotsa kaɗan kawai, kamar kaurin yatsa. In ya tsattsage, sāke shi. Ajiye wani sabo a bayan kujera.

4. Birki. Dubi man birki a 'yar robarsa. Sa'an nan taka birki ka riƙe. In ƙafarka ta yi ta nutsewa har ƙasa, mai yana yoyo a wani wuri. Kada ka fita ran nan, ko nawa aka ba ka. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

5. Taya. Zagaya ka dubi huɗun, da ta biyar ta ajiya. Nemi tsaga ko kumburi ko ƙusa. Gwada notuna da sifana. In iska ta ragu, biya wurin mai faci ya auna.

Ban da waɗannan akwai aikin mako. Ƙurar hunturu ta kan cika matatar iska, mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan fetur. Ciro matatar ka kakkaɓe ta. In farin gari ya taru a kan batir, cire wayar da ke da alamar ragi (-) tukuna, sa'an nan mai alamar tarawa (+). Wanke da ruwan ɗumi, ka goge, ka shafa giris kaɗan. Wajen mayarwa, mai alamar ragi ita ce ta ƙarshe.

In za ka cire taya, sa waigi a gaba da bayan wata tayar. Kada ka kwanta ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Tokare ta da kututture mai ƙarfi.

Sai maganar lodi. An yi motocin nan don ɗaukar kamar tan ɗaya, wato buhu 10 mai kilo 100. Wanda ya ɗora 20 ya karɓi kuɗin mota biyu yau, gobe kuwa ya biya kuɗin sifirin da taya. A gangare kuma birki ba zai iya riƙe ta ba.

To, ina amfanin karatu a nan? Ga shi. A gefen taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Mai karatu ba a sayar masa da tsohuwar taya a ce sabuwa ce.

Kuma ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye cikin mota. Ran da ka juye baƙin mai, rubuta kwanan wata da lambar da agogon tafiya ya nuna. A hanyoyinmu masu ƙura, tsohon inji yana son sabon mai bayan kamar kilomita 5,000. Kai ya kan manta, takarda ba ta mantuwa.

Amma kowa ya san iyakarsa. Cikin inji da giya da sitiyari da gyaran birki na bakanike ne. Naka shi ne ka gane ciwo tun yana ƙarami. Ka tuna rayukan mutane ka ɗauka, ba buhuna kaɗai ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Faɗi abu biyar da za a duba da safe.
2. Don me ba a buɗe lagireto da zafi?
3. Taya mai lamba 0821, yaushe aka yi ta?
4. An juye mai agogo yana kan 62,000. A kan nawa za a sāke juyewa?

Aikin Rubutu
Kowa ya rubuta wannan sau uku: Na duba ruwa da mai da birki kafin in tashi.