Matsalar Tsaro a Iyakar Jibiya: Bukatar Haɗa Fannonin Ilimi

Gabatarwa

Jibiya gari ne a arewacin Jihar Katsina, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Maraɗi. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa matsalar tsaron da ta addabi yankin, wato satar shanu da garkuwa da mutane da fasa-ƙwaurin makamai, ta fi ƙarfin fanni guda na ilimi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tarihi da Labarin Ƙasa

Masanin tarihi zai fara da cewa iyakar nan baƙuwa ce. Bayan jihadi ya ci Katsina wajen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta koma Maraɗi. Sai tsakanin 1906 da 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka kafa turakun iyaka, suka raba dangi gida biyu. Duk da haka auratayya da cinikayya ba su yanke ba. Shi kuwa masanin labarin ƙasa zai nuna Dajin Rugu, wanda ya zama maɓoyar 'yan bindiga, da yadda gonaki suka cinye burtali har rikicin manoma da makiyaya ya tsananta. Bayan faɗuwar gwamnatin Libiya a 2011, makamai suka bazu a Sahel, wutar ta ƙara ruruwa.

Tattalin Arziki

A Agustan 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. Aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Duk sa'ad da aka rufe babbar ƙofa, direba da ɗan dako sukan rasa abin yi, ɓarauniyar hanya kuma ta yi kasuwa. Hanyar da ta ɗauki buhun shinkafa ba za ta ƙi ɗaukar bindiga ba.

Harshe

A nan ne manazarcin Hausa yake da ta cewa. Kalmomi irin su ɓarayin daji da 'yan-sa-kai da infoma da kuɗin fansa suna ɗauke da hukuncin jama'a a kan wanda ake tsoro da wanda ake zargi. Idan aka laƙaba wa ƙabila guda sunan ɓarayi, an toshe ƙofar sulhu tun kafin a zauna. Mai binciken da ba ya jin Katsinanci da Fillanci, rabin zance kawai zai kwaso.

Kammalawa

Ya kamata masanan waɗannan fannoni a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su haɗa bincike guda, su saurari mutanen ƙauyukan ɓangarorin biyu. Ɓarawon da ke tsallaka iyaka ba ya neman fasfo. Bai kamata ilimi ya tsaya a shingen kwastan ba.