Hali Zanen Dutse

In mun duba da kyau, za mu ga girman da mutane ke ba ɗan'uwansu iri biyu ne. Akwai girman da a ke ba abin hannun mutum, akwai kuwa wanda a ke ba shi kansa. Da ido ba a rarrabe su, gama duka biyu gaisuwa ce da durƙuso. Sai ran da abin hannun ya ƙare, ko mai shi ya kwanta dama, sa'an nan a san wanne ne.

Mai dukiya kullum zaurensa cike ya ke. Maroƙa na yi masa kirari, in ya yi magana ko ba daɗi sai a yi dariya. Amma yawancin masu taruwan nan hatsi su ke bi, kamar kaji, in an daina watsawa sai su watse. Duniya kuwa rawar 'yammata ce, na gaba ya koma baya. Mai halin kirki, shi ba abin da ya ke rabawa sai gaskiya da amana da kunya, waɗannan kuwa ɓarawo ba ya sacewa, gobara ba ta ci.

Bari mu kawo misalin malamai biyu. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga Kwalejin Katsina cikin 1928, ya fita cikin 1933, ya koma Bauci ya kama koyarwa a Midil. Malam Aminu Kano kuwa ya gama Kwalejin Kaduna cikin 1942, aka kai shi Bauci, suka zama abokan aiki. Daga baya siyasa ta raba su. Abubakar ya bi jam'iyyar NPC har ya zama Firayim Minista cikin 1957, yana bisa kujerar aka sami mulkin kai cikin 1960. Aminu ya bar aikin gwamnati cikin 1950, ya zama jagoran NEPU, mai hamayya da su.

To, ga abin lura. Kowannensu ya zauna inda kuɗi ke wucewa ta gabansa. Abubakar ya shugabanci gwamnatin ƙasa duka. Aminu ya riƙe kwamishinan tarayya zamanin Janar Gowon. Amma da aka kashe Abubakar cikin Janairu 1966, ba a iske ya tara wata dukiya ba. Aminu ma da ya rasu cikin Afrilu 1983, a ɗan gidansa na Gwammaja ya ke zaune, kamar sauran talakawan unguwa.

Me ya biyo baya? An sa hoton Abubakar a takardar naira 5, an ba jami'ar Bauci sunansa, mutane na ziyarar kabarinsa. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin suna amsa sunan Aminu, gidansa kuma, watau Mambayya, ya koma wurin nazari a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Abin da ya fi waɗannan duka, ko waɗanda suka ƙi ra'ayinsu ba su iya kiransu macuta ba. Attajirai nawa ne aka yi zamaninsu, masu dawaki da motoci, waɗanda yau sai jikokinsu kaɗai ke tunawa da su?

Kada fa a ce muna zagin dukiya. Ba laifi ba ne mutum ya nema ta hanyar halal. Akwai attajiran da ba a manta da su ba, amma in mun bincika sai mu tarar rijiyar da suka haƙa, da marayun da suka riƙe, su a ke tunawa. Ashe nan ma halin ne a ke yabo.

Mu da za mu fita nan gaba kaɗan mu riƙe aji, lalle za a jarraba mu. Wani uba zai aiko da rago don a haye da ɗansa, kuɗin makaranta za su kwana a hannunmu ba mai gani. Albashi ba zai ishe mu ba, za mu ga sa'o'inmu sun fi mu riguna. Ran nan sai mu tuna yara arba'in na kallonmu, abin da suka gani gare mu kuwa ya fi zama cikin zukatansu bisa ga abin da muka rubuta a allo. Riga ta kan tsufa, amma hali zanen dutse ne.

Allah ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.