Ɗaga babban yatsa a WhatsApp ba ƙuri'a ba ce

Ni lauya ne, ina aikin sakatare wa kamfanoni da ƙungiyoyi daga ofishina da ke Gesse a Birnin Kebbi. Tambayar da ta fi yawan zuwa mini kwanan nan ita ce: "Barista, za mu iya yanke hukunci ta WhatsApp ko imel, ba sai mun zauna ba?"

Bara wata ƙungiyar manoman shinkafa ta kawo mini rigimarta. Kwamitinsu mutum tara ne. Da dare shugaba ya tura saƙo a zaurensu cewa a cire kuɗi daga asusu a sayi injinan ban-ruwa kafin noman rani. Mutum biyar suka ɗaga babban yatsa. Washegari aka cire kuɗin. Ma'aji yana can fadamar Argungu inda babu sabis, sai bayan kwana biyu ya gani. Shi kaɗai ya san an riga an yi wa mai taki alkawarin kuɗin nan. Da zama aka yi, magana ɗaya zai faɗa a fasa. Ga shi ba wanda ya ci ko kwabo, amma mutanen da suka taso tare suka daina gaisawa.

Kuskuren shi ne ɗaukar ƙuri'a a matsayin ƙirga kawai. Hausawa na cewa shawara ɗaukar ɗaki. Kafin a ɗaga hannu, kowa yana da haƙƙin a sanar da shi, a saurare shi, shi ma ya ji hujjar ɗan'uwansa. A saƙon waya kuwa, na farko ya amsa tun kafin na ƙarshe ya faɗi abin da ya sani. Shi ya sa littafin ƙa'idojin taro da Henry Robert ya fitar a Amurka a 1876, wanda ake ta sabuntawa har yau, bai yarda kwamiti ya yi ƙuri'a ta imel ba sai in kundin ƙungiyar ya ba da dama.

Dokarmu ma haka ta nufa. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta yarda daraktoci su zartar da ƙuduri a rubuce ba tare da taro ba, amma da sharaɗin dukkansu su sa hannu. Biyar cikin tara ba su isa ba. Dokar ta kuma ba kamfanoni masu zaman kansu damar yin babban taro ta intanet in kundinsu ya tanada, a 2023 aka faɗaɗa damar zuwa kamfanonin da jama'a ke da hannun jari. Ƙungiyoyin gama kai da na ci gaban unguwa su duba nasu kundin, shi ne alƙalinsu na farko.

Ga abin da nake gaya wa masu zuwa wurina. Ku yi amfani da WhatsApp wajen kiran taro da raba takardu. In abu ya zo da gaggawa, ku haɗa kira da kowa zai ji kowa lokaci guda, muddin kundinku ya yarda, sakatare kuma ya rubuta sunayen mahalarta da abin da aka yanke. In kundin bai ce komai ba, ku gyara shi a babban taro. In kun riga kun aikata, ku kawo maganar zama na gaba a tattauna, a amince, a shigar cikin littafin taro.

Shugabanni da sakatarori, dukiyar ƙungiya amana ce a hannunku. Don Allah yau ɗin nan ku buɗe kundinku ku karanta abin da ya ce game da taro, kafin wani ya sake tura saƙon a cire kuɗi.